GYARAN FIL DA BUSHIN DA SUKA CINYE A KAYAN AIKIN GONA

Wannan takarda don manoman Danja ce da na kewayenta, watau masu garmar shanu, da masu amalanke, da ƙungiyoyin manoman fadama da ke ɗauko hayar ƙaramar motar haƙa don yashe tafki ko fitar da magudanar ruwa. Duk kayan aikin nan ciwo ɗaya ke kashe su, maganinsa kuma ɗaya ne.

Ciwon kuwa shi ne wasa a mahaɗa. Ƙarfe ba ya karyewa farat ɗaya. Yakan fara da ɗan girgiɗi wanda ba a kula da shi ba, sa'an nan ya koma ƙara, daga nan sai rannan ana tsakiyar huɗa ƙafar garma ta fita, ko amalanke ya zube da lodin rake a hanya. A ƙasarmu ruwan shuka yakan sauka daga watan Mayu zuwa farkon Yuni, kuma kowa ya san kwanakin huɗa ƙidayayyu ne. Wanda garmarsa ta kwana uku a maƙera a wannan lokaci, masararsa ta makara, kuɗin huɗar da zai yi wa maƙwabta kuma sun wuce shi.

MENE NE FIL, MENE NE BUSHIN?

Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu, ɗaya yana juyawa a kan ɗaya, za ka tarar da abu uku. Na farko sandan ƙarfe da aka zura ya riƙe su, shi ne fil, wasu makanikai kuma su ce fin. Na biyu guntun bututu da aka cusa cikin ramin, fil yana juyawa a cikinsa, shi ne bushin. Na uku shi ne ramin kansa, wanda ke jikin garma, ko jikin ƙafa, ko hannun mota.

Da gangan masu ƙera kayan nan suka yi fil da bushin su zama abin cinyewa. Kamar takalmi ne, ƙasansa ke cinyewa domin tafin ƙafa ya tsira. Fil da bushin suna da araha, cire su ba wuya. Ramin shi ne mai tsada. In ka bari bushin ya cinye har ya huje, sai fil ya shiga cin ramin, rami mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Daga nan ko sabon fil ka sa, wasa ba zai tsaya ba.

Saboda haka lalacewar hawa uku ce:

1. Wasa na gefe da gefe. Ƙarfen yana zamewa dama da hagu a kan fil. Washa kawai ke maganinsa.
2. Wasa na sama da ƙasa, ko gaba da baya. Fil da bushin sun ci. A canja su.
3. Ramin ya ci. Sai mai walda da mai injin sassaƙar ƙarfe.

Kowane hawa ya fi na bayansa tsada da ɓata lokaci. Manomi mai dabara a hawa na ɗaya ko na biyu yake tare abin.

ABUBUWAN DA KE CINYE SU

Yashi. Shi ne babban maƙiyi. Ka dubi dutsen da kake wasa lauje da shi, dutsen ke cin ƙarfen. Ƙwayar yashi ma haka take, ta fi ƙarfen garma tauri. In ta shiga tsakanin fil da bushin, duk juyi ɗaya wasawa ce. Ƙurar hunturu da taɓon fadama duk suna ɗauke da shi.

Rashin giris. Giris ke raba ƙarfe da ƙarfe. In ya ƙare sai su riƙa gugar juna, su yi zafi, su yi kuka.

Bugu. Da zarar an sami ɗan fili tsakanin fil da bushin, duk lokacin da shanu suka fizga, ko haƙorin mota ya ci karo da marmara, fil yakan bugi bushin kamar guduma. Bugun yana matse giris ya fice, filin kuma yana ba yashi hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa milimita ta farko takan daɗe kafin ta cinye, ta biyu kuwa ba ta daɗewa.

Tsatsa. Garmar da ta yi rani da damina a waje da laka a jikinta, tsatsa ta riga ta fara yi mata aikin yashi.

Fil da ba nasa ba. Ƙusa 'yar inci shida, ko guntun rodi, ko noti siriri a babban rami. Duk waɗannan suna da laushi, ba su cika ramin ba, saboda haka bugu yana farawa tun ranar da aka sa su.

YADDA ZA KA GANE

Da kunne: ƙarar ƙwal-ƙwal in an ja ko an tsaya, ko kukan ƙarfe ƙii-ƙii.

Da ido: jan gari kamar garin jan kanwa a bakin mahaɗa. Wannan ƙarfe ne da ya gugu ya yi tsatsa, alamar mahaɗar ta bushe ƙayau. Ka duba kuma ko washa ta lotsa, ko kan fil ya yi ƙyalli a gefe ɗaya.

Da hannu: ka kama ƙarfen ka girgiza, dama da hagu, sa'an nan sama da ƙasa. Ka lura da wanne ne yake wasa, domin shi zai gaya maka hawan da kake.

Da awo: ka zare fil ka wanke shi da kananzir. Ka bi shi da farce, in ka ji tudu da kwari ya ci. In ba ka da ma'aunin kauri irin na makanikai, ka sami sifana mai buɗewa da tsukewa, ka tsuke ta daidai kan fil inda bai ci ba, sa'an nan ka zame ta zuwa tsakiya. Filin da ka gani tsakanin bakin sifana da fil, shi ne abin da ya cinye. Ka juya fil ɗin ka sake gwadawa, domin gefe ɗaya yakan fi ci.

GARMAR SHANU

Garmar da muka fi amfani da ita ita ce samfurin Emcot, mai fukafuki biyu. Kamfanin Ransomes na Ingila ne ya fara ƙera ta, yanzu kuwa maƙeranmu na gida suna ƙera irinta da kayan gyaranta. Wurare uku ne suke sakin jiki a cikinta.

Na ɗaya, ƙafar gaba. Ita ke riƙe zurfin huɗa. Tana juyawa a kan fil, cikin ƙasa tsamo-tsamo, don haka ta fi ko'ina saurin ci. In tana rangaji, bakin garma yakan nutse nan ya taso can. Kunya ba za ta miƙe ba, kai mai riƙo ka gaji da kokawa, shanu kuma su gaji da fizga tun hantsi bai yi ba. Ga yadda za ka gyara:

1. Ka kwance notin ka zare fil, ka fitar da ƙafar.
2. Ka wanke ramin da fil da kananzir, ka goge su bushe.
3. In akwai bushin, ka fitar da shi ka kai wa maƙeri tare da fil da ƙafar gaba ɗaya, domin ya auna da kansa.
4. In babu bushin, ramin ƙafar kuma ya faɗaɗa, maƙeri ya yanko guntun bututu mai kauri wanda sabon fil zai shiga cikinsa daidai, ya daidaita ramin, ya cusa bututun da ƙarfi. Daga ranar ka sami bushin, baɗi shi kaɗai za ka canja.
5. Ka sa washa ɗaya kowane gefe, ka ɗaure. Ƙafar ta juya da hannu ba tare da rangaji ba.

Ka lura da wannan da kyau: mahaɗar ƙafar garma a buɗe take, ba abin da ke tare yashi. In ka lafta mata giris ko baƙin mai lokacin huɗa, yashi zai manne ya zama kamar kwaɓin wasa wuƙa, ya fi bushewar ɓarna. A kwanakin aiki ka bar ta a tsabtace, ka kakkaɓe ƙasar kullum da yamma. Mai sai ranar ajiya, don tsare tsatsa, kuma ka goge shi kafin ka koma gona.

Na biyu, inda sarƙa ke kama garma. Ka duba ƙugiya da ramukan da ake daidaita zurfi da su. In rami ya yi tsawo, ko ƙugiya ta sirance, mai walda ya cike ya sake huda shi daidai. Kada ka ɗaure da waya ko igiya. In ya tsinke shanu suna ja, sarƙa takan dawo da ƙarfi, kuma sau da yawa yaro ne ke kusa da ita.

Na uku, notocin da ke riƙe bakin garma da fukafukai. Waɗannan ba juyawa suke yi ba, don haka bai kamata su yi wasa ko kaɗan ba. Noti ɗaya in ya saki, ramukan sun fara faɗaɗa. Kowace safiya kafin ka ɗaura wa shanu karkiya, ka bi su da sifana ɗaya bayan ɗaya. Aikin minti 5 ne.

AMALANKE

Yawancin amalankenmu da ƙafafun tsohuwar mota ake haɗa su, saboda haka boris ke cikin ƙafar maimakon bushin. Daga kaka zuwa ƙarshen rani ba ya hutawa: masara, dawa, rake zuwa wurin matsa, kwandunan tumatir zuwa bakin titi, sa'an nan taki zuwa gona.

Sau ɗaya a wata ka sauke kaya, ka tokare ɗaya ƙafar da dutse, ka ɗaga ɗayar da jak, ka sa kututture a ƙarƙashi. Kada ka dogara da jak shi kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In ka ji wasa:

1. Ka cire murfin tsakiyar ƙafar, ka zare ɗan fil mai baki biyu da ke tsare babban noti.
2. Ka fitar da boris ka wanke da kananzir. In ya yi tabo-tabo, ko ya yi shuɗi don zafi, ko yana gurnani in an juya shi, ka canja.
3. In lafiyarsa lau, ka cusa masa sabon giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen.
4. Ka mayar, ka ɗaure noti kana juya ƙafar har ta fara nauyi, sa'an nan ka sassauta kaɗan har ramin ɗan fil ya bayyana.
5. Ka sa sabon fil mai baki biyu, ka buɗe bakinsa da filaya. Ka mayar da murfi. In murfin ya ɓace ka nemi wani, domin shi ke tare ƙura.

Ka duba kuma inda dogon ƙarfen ja ya haɗu da jikin amalanke, da inda ya haɗu da karkiya. In nan yana wasa, duk tashi da tsayawa bugu ne a wuyan shanunka, daga nan kuwa gyambon wuya ke farawa.

ƘARAMAR MOTAR HAƘA

Shirin raya aikin gona na Funtua, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya gina hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa na ƙasa a wannan yanki. Madatsa irin waɗannan, da tafkunan ƙauye, da magudanan fadama, duk laka takan cike su a hankali. Yashe su da cebur da kwano aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa ƙungiyoyi sukan haɗa kuɗi su ɗauko hayar motar haƙa, wadda jama'a ke kira katafila. Ƙananan irinta a Japan aka fara ƙera su, kamfanin Yanmar a 1968, Takeuchi kuma a 1971. Da yawa daga waɗanda ke iso mu sun riga sun yi aiki a wata ƙasa, mahaɗansu sun sha jiki.

Ko da motar ba taku ba ce, maganar ta shafe ku, domin ku ke biyan awa. In kuna biyan awa 8 a yini, kullum ana ɓata awa 1 wajen fama da bokiti, cikin kwana 8 kun biya kuɗin yini guda a banza. Har ila yau bokiti mai girgiɗi ba ya yanka ƙasa daidai. Magudana kuwa in gindinta ya yi tudu da kwari, ruwa zai kwanta maimakon ya wuce.

Bokitin yana da kunnuwa biyu, fil biyu ke riƙe shi. Ɗaya ya haɗa shi da ƙarshen hannun motar, ɗaya ya haɗa shi da guntun ƙarfen da silinda ke turawa. Kaurinsu yakan kama daga milimita 25 a ƙananan motoci zuwa milimita 45 a masu nauyin tan 5. A yawancin motocin, fil a kafe yake cikin kunnuwan bokiti, ɗan noti ya tsare shi, juyin kuwa cikin bushin ɗin hannu ake yinsa. Ɗan wasa a nan babba ne a bakin haƙora. Misali, in tsakanin fil da fil santimita 15 ne, daga fil zuwa haƙori kuma santimita 60, to wasan milimita 1 zai zama wajen milimita 4 a haƙori, ban da na sauran mahaɗai.

Dubawa kafin a biya kuɗin haya

Direba ya kafa haƙoran bokiti a ƙasa, ya riƙa motsa liba a hankali gaba da baya. Ku tsaya gefe, inda yake ganinku, nesa da inda hannun ke kaiwa. Ku kalli kowace mahaɗa. In hannu ya motsa kafin bokiti ya bi shi, fil da bushin sun ci. In kun ga fil ɗin kansa yana motsi cikin kunnen bokiti, ramin kunnen ya ci. Ku duba ko akwai ɗanyen giris a bakin kowace mahaɗa, ku tambayi direba ina famfon girisinsa. Ku yi magana da mai mota gaban shaidu, a rubuta: awar da mota ta tsaya don gyara ba ta cikin lissafi.

Hawa na ɗaya: washa

In bokiti yana zamewa dama da hagu kawai, a auna filin da ke tsakanin kunne da hannu, a cike shi da siraran washa na ƙarfe masu rami daidai kaurin fil. Akwai masu kaurin rabin milimita, da milimita 1, da 2, da 3. A raba su gefe biyu domin hannu ya zauna a tsakiya. A bar ɗan fili wanda bai wuce milimita 1 ba, don kada bokiti ya cije. Washa ba ta maganin wasa na sama da ƙasa, kada a yaudare ku da ita.

Hawa na biyu: sabon fil da bushin

Littafin kowace mota yana faɗin iyakar wasan da aka yarda da shi. In babu littafi, wasa ya kai milimita 1 zuwa 2, lokaci ya yi. A canja fil da bushin tare. Sabon fil cikin tsohon bushin asarar kuɗi ce, tsohon zai cinye sabon.

1. A tsayar da mota a wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. A ajiye bokiti ya zauna daram a ƙasa, ba tare da an danna shi ba, domin nauyi ya sauka daga kan fil.
2. Direba ya kashe inji, ya sauke ƙarfin man silinda ta wurin motsa libobi, ya zare makulli ya sa aljihu.
3. A wanke laka da tsohon giris. A kwance ɗan notin da ke tsare fil.
4. A fara fitar da fil na guntun ƙarfen silinda, sa'an nan na hannu. A ɗora sandan ƙarfe mai laushi ko na tagulla a kansa a buga. Kada a bugi fil da guduma kai tsaye, ƙarfensa mai tauri ne, yakan fallatsa. Mai bugu ya sa tabarau.
5. Kowa ya ja baya, direba ya ta da inji ya ɗaga hannu daga cikin kunnuwa, ya ɗora ƙarshensa kan kututture, ya sake kashewa.
6. A fitar da tsohon bushin. In ya ƙi fita, mai walda ya zagaya cikinsa da layin walda ɗaya ko biyu. In ya huce zai tsuke, ya fito da ɗan bugu.
7. A goge ramin, a duba ko ya tsage ko ya zama ƙwai.
8. A sa sabon bushin cikin firji ya kwana, sanyi zai ɗan tsuke shi. A jawo shi cikin ramin da dogon noti da manyan washa biyu, ana ɗaurewa a hankali, yana shiga a miƙe. In yana da ramin giris, a daidaita shi da na hannu.
9. A sa sababbin robobin tare ƙura a bakin bushin, leɓensu yana duban waje.
10. A mayar da hannu cikin kunnuwa. A daidaita ramukan da sandan ƙarfe. Kada kowa ya sa yatsa cikin rami don ya ji ko sun daidaita. Hannun in ya motsa kaɗan, yatsa ya tafi.
11. A shafa wa fil giris, a sa washa, a zura. A mayar da abin tsare shi, a sa noti biyu a ƙulle su da juna.
12. A buga giris har sabo ya fito ta gefe biyu. Bayan awa 1 ana aiki a tsaya a sake dubawa.

In ba a sami fil na kamfani ba, mai injin sassaƙar ƙarfe yana iya fitar da shi daga ƙarfe mai ƙwari, irin na tsohon aksul ɗin mota. A kai masa tsohon fil da sabon bushin ya auna. Rodi ba ya wannan aiki.

Hawa na uku: rami ya ci

In sabon bushin ya shige ramin hannu da turin yatsa, ko sabon fil yana rawa cikin kunnen bokiti, to abin ya wuce canji. Hanya biyu ce. Ko a cike ramin da walda a sake sassaƙe shi da inji, ramukan biyu a kan layi ɗaya. Ko kuwa a yanke tsofaffin zobban kunnuwa, a sassaƙo sababbi, a zura fil ta cikinsu duka biyu ya riƙe su a miƙe, a ɗiga walda nan da can, sa'an nan a zagaye a hankali don kada zafi ya karkatar da su. Wannan aikin ƙwararru ne, a neme su a Funtua, ko Zariya, ko Kano. Bokiti ana iya cire shi a kai musu shi kaɗai.

In za a yi walda a jikin motar, a cire kan batir, wayar da ake maƙalawa a jikin ƙarfe kuma a maƙala ta dab da wurin waldar. In wuta ta bi ta cikin fil ko silinda takan ƙona su.

Giris kullum

Nan ba kamar ƙafar garma ba ne. Mahaɗar motar haƙa tana da kan giris da robar tare ƙura, sabon giris in ya shiga yakan turo tsohon da yashinsa waje. A buga wa fil na bokiti giris kowace safiya. In cikin ruwa ko taɓo ake aiki, a ƙara da rana, a kuma ƙara da yamma bayan an tashi, domin ya kore ruwan da ya shiga. A goge kan giris kafin a ɗora famfo. In wani ya ƙi karɓa, a kwance shi a wanke ko a canja a ranar. Mahaɗar da ba ta shan giris tana cin kanta.

ABUBUWAN DA ZA KA GUJE WA

Kada ka haɗe fil da jikin ƙarfe da walda don wasa ya tsaya. Ranar canji sai an yanka.

Kada ka cusa gwangwani, ko roba, ko tsumma cikin rami. Yini ɗaya za su yi.

Kada ka sa fil da ya fi ramin ƙanƙanta ka ce na ɗan lokaci ne. Ɗan lokacin nan ne ke cinye ramin.

Kada ka mayar da tsohon fil mai baki biyu da aka lanƙwasa sau da yawa.

Kada ka bari direba ya riƙa dukan dutse da bokiti, ko ture kututture da gefensa.

LOKACIN GYARA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ka gama huɗar ƙarshe, ka wanke garma, ka duba ƙafa da ƙugiya da notoci, ka shafa baƙin mai, ka ajiye ta a rumfa bisa itace. Abin da ya ci ka kai maƙera tsakanin Janairu da Maris, lokacin maƙeri ba shi da layi, kai kuma kana da kuɗin kaka a hannu. Amalanke ka duba shi a watan Satumba kafin jigilar amfanin gona ta kankama. Aikin haƙa kuma a shirya shi da rani sa'ad da ruwa ya ja baya, a duba motar tun tana gidan mai ita.

Ka ajiye waɗannan a gida cikin gwangwani mai murfi: fil ɗaya da bushin ɗaya na ƙafar garma, notoci 4 na baki da fukafuki, washa, fil mai baki biyu, da gwangwanin giris a rufe, domin giris da ƙura ta shiga ya zama yashi.

KA TUNA

Wasa na gefe, washa.
Wasa na sama da ƙasa, fil da bushin tare.
Rami ya zama ƙwai, mai walda da mai inji.
Mahaɗa a buɗe cikin yashi, tsabta.
Mahaɗa mai kan giris, giris kullum.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko Sashen Aikin Gona na Ƙaramar Hukumar Danja. In ƙungiyarku za ta ɗauki hayar motar haƙa, ku sanar da malamin gona tun da wuri domin ya raka ku duba ta, ya kuma taimaka muku auna gangaren magudana kafin a fara haƙa. Allah ya ba mu damina mai albarka.